Halo Ta Koma Aji

A asibitin babu wanda ya damu da sunanta na yanka. Halo ake ce mata, tun daga shugaban likitoci har masu shara, domin kalmar da aka fi ji a bakinta ke nan. Ita ce mai haɗa waya. Ɗakinta yana ƙarƙashin matakalar bene, ɗan ƙarami marar taga, da fanka mai kaɗa kai da wani faffaɗan allo mai ramuka da 'yan fitilu. In kira ya shigo fitila ta kama, sai ta ce, "Halo, asibiti ne," ta ji abin da mai kiran yake so, ta ɗauki igiyar waya ta soka a ramin ɗakin da ake nema. In sun gama magana ta zare. Aikin ke nan, kuma ta yi shi tun tana budurwa har babbar 'yarta ta shiga jami'a.

Mahaifinta mai gyaran agogo ne a bakin kasuwa. A wurinsa ta gaji haƙurin zama da ƙananan abubuwa, da kuma ƙin ganin kaya a warwatse. Da ta gama sakandare, gwaggonta da ke aiki a ɗakin wanki na asibitin ta ji ana neman yarinya mai murya a sarari, ta kai ta. A nan kuma ta haɗu da mijinta, direban motar ɗaukar marasa lafiya, mutum mai raha wanda yake cewa sai da ya so muryar kafin ya ga fuskar, kuma da ya ga fuskar bai yi da-na-sani sosai ba. 'Ya'yansu huɗu.

Wata shekara aka kawo wasu samari masu riguna iri ɗaya. Suka shiga silin, suka fasa bango, suka ja shuɗayen wayoyi ta kowace kusurwa. Ba a daɗe ba aka ajiye sababbin wayoyin tebur a kowane ofis, suna kiran junansu ba tare da sun biyo ta kanta ba. Allon nata aka kwance shi aka kai sito. Ba a kore ta ba. An mayar da ita ɗakin kwafe takardu, inda take tsayawa gaban inji tana ɗaga murfi tana rufewa.

Ranar da suke kwance allon ta tambayi ɗaya daga cikin samarin.

"Ɗana, yanzu in ɗakin haihuwa ya kira ɗakin magani, ta ina maganar take bi?"

"Ta netwok, Anti."

"Shi netwok ɗin a ina yake zaune?"

Ya yi dariya, ya kaɗa hannu sama ya zagaya da shi, wai ko'ina. Ya ci gaba da kwance kusoshinsa.

Ba rashin aikin ne ya fi tsaya mata a rai ba, wannan amsar ce. Ta shekara tana juya ta. Da ta ji jami'ar garin ta buɗe karatun kwamfuta na ƙarshen mako don ma'aikata, ta je ta karɓo bayani, ta shirya wa jarrabawar shiga ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Sai da sunanta ya fito ta gaya wa maigidan, yana zaune a tsakar gida yana goge takalminsa.

"Jami'a? Ke da furfura ta fara leƙo miki?"

"Gemu ba ya hana ilimi."

"To ai ke ba ki da gemun ma. Allah ya ba da sa'a. Amma ki sani, in kika zama farfesa ba zan daina ce miki Halo ba."

Babbar 'yar ce ba ta ga abin dariya ba. Tana karanta ilimin haɗa magunguna a jami'ar, kuma ba ta so ƙawayenta su ga mahaifiyarta rataye da jaka tana neman aji. Ta ce, "Umma, don Allah in kin gan ni da mutane ki wuce kawai." Halo ta ce ta ji. Haka kuwa suka yi, har tsawon zangon farko.

Shekarar farko lissafi ne da koyon sarrafa kwamfuta, ta wuce da ƙyar da jiɓin goshi. A shekara ta biyu aka zo kan abin da ya kawo ta, wato tushen sadarwa tsakanin kwamfutoci. Malamin wani siririn mutum ne mai magana a hankali, ba ya fushi, ba ya kuma yabo. Ɗalibai sun sa masa suna Malam A-Sake, saboda duk aikin da aka miƙa masa sai ya duba, ya mayar, ya ce, "A sake."

A lakcar farko ya zana da'irori a allo ya haɗa su da layuka. Ya ce saƙo ba ya tafiya ɗungurungum. Ana yayyanka shi ƙanana, kowane yanki a manna masa adireshin inda ya fito da na inda za shi, a sake su. Wani ya bi nan, wani ya bi can, na baya yana iya riga na gaba isa. A can ƙarshe a jera su su koma yadda suke.

Halo ta ɗaga hannu daga kujerar gaba, inda take zama kullum.

"Malam, wa yake riƙe musu layin har su gama?"

"Babu mai riƙewa, Malama. Babu ma layin da aka keɓe musu."

"To in wani yankin ya ɓata a hanya fa?"

"Wanda ake aika wa zai ga babu shi, a sake aikowa."

"Kuma babu wanda za a tuhuma?"

Aji ya fashe da dariya. Malamin bai yi ba. Ya ce tambayar tana da kyau, kuma irin hanyar da take nufi akwai ta, ita ce tsohuwar hanyar wayar tarho, za a zo kanta a mako mai zuwa don a ga bambanci. Ya juya ya ci gaba da zane.

Ta yi zaton shekarun da ta yi a gaban allon asibiti za su ba ta fifiko a kan yaran nan. Sai ta tarar su ne suka zame mata ƙarfen ƙafa. Yaran ba su taɓa sanin wata hanya ba, duk abin da aka faɗa musu sai ya zauna. Ita kuwa sai ta fara rushe abin da ta sani kafin ta ɗora sabo. Kullum a ranta akwai igiya guda, bakinta ɗaya nan ɗaya can, da mutum a tsakiya yana lura. An ce mata yanzu babu mutumin, sai na'urori da ke duba adireshi su miƙa wa na gaba, babu wadda ta san dukkan tafiyar.

Sai kuma aka shiga adireshi. Lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace a mayar da ita sifili da ɗaya, a ce wannan ɓangaren na unguwa ne, wancan na gida, sannan a ce a raba unguwa guda ta zama takwas ba tare da gida biyu sun yi lamba ɗaya ba. A nan kanta ya ɗau zafi. Takan zauna da hantsi a ɗakin kwafe takardu, in babu mai jira, ta cika bayan lalatattun takardu da sifili da ɗaya. Gwajin farko ta sami abin da ba ta gaya wa kowa ba.

A ɗakin gwaji an haɗa ta da wani magidanci mai shagon intanet a bayan tasha, wanda kowa ke kira Mai Kafe. Shi ya zo neman takardar shaida ne kawai, don a ganinsa babu abin da ya rage masa. Ya iya haɗa komai, amma in aka tambaye shi dalilin da ya sa ya yi aiki sai ya ce, "Haka ake yi." Yana ce mata Yaya, ita tana ce masa Ƙanena, kuma kusan kullum sai sun yi gardama.

Aikin farko shi ne sa wa kebul kai. A feɗe bawon, a fito da siraran wayoyi takwas, a warware su, a jera su bisa launi, a daidaita bakinsu, a tura cikin ɗan kan roba, a matse da filaya. Hannunta ya fi na kowa tsabta, wayoyin suna kwanciya sumul kamar an goge su. Amma in aka sa a na'urar gwaji sai fitilu su tsallake. Ta yanke ta sake. Suka sake tsallakewa. Malam A-Sake ya ɗauki kan kebul ɗin ya ɗaga shi wajen haske.

"Malama, wannan wane launi ne?"

"Fari da kore."

"Fari da shuɗi ne. Yaushe rabonki da likitan ido?"

Mai Kafe ya ce, "Yaya, kina aiki a asibiti kina yawo da ido ɗaya da rabi?"

Da Litinin ta je ɗakin ido, wanda ta shekara da shekaru tana haɗa wa kira ba ta taɓa shiga ba. Aka ba ta tabarau. Maigidan ya ce yanzu kam ta fara kama da farfesa. Asabar ta gaba kebul ɗinta ya kunna fitilu takwas a jere. Suka haɗa kwamfuta biyu, ta buga umarnin da ake tura ɗan saƙo a ga ko ɗayar za ta amsa, ta ga amsa tana saukowa layi bayan layi a baƙin allon. Ta daɗe tana kallo. Mai Kafe ya ce ta tashi a ba wasu wuri, ba fim ba ne.

Abin da aka fi tunawa da ita a sashen ya faru ne kusa da ƙarshen zangon. An tashi daga gwaji da rana, ɗalibai sun watse sun bar tebura kaca-kaca. Halo ta tsaya tana tattarawa, kamar yadda ta saba ba tare da an sa ta ba. Ta naɗe kebul, ta mayar da filaya cikin akwati. A kan teburin ƙarshe akwai swici, ɗan akwatin nan mai ramuka a jere inda kwamfutocin ɗakin suke haɗuwa. Ta ga wani kebul yana lilo, bakinsa ɗaya a ƙasa. A tsohon aikinta ba a barin igiya tana lilo. Ta ɗauka ta soka a ramin da babu komai. Ba ta bi ta ga inda ɗaya bakin yake ba. A jikin swicin yake, rami na uku daga hagu. Ta kashe fanka, ta ja ƙofa, ta tafi cin abinci.

Kafin ta gama wanke hannu sashen ya rikice. Duk da ƙarshen mako ne, ranar ce ta ƙarshe da malamai za su tura sakamakon gwaje-gwaje, ga ɗaliban shekarar ƙarshe sun cika ɗakin karatu suna neman abin rubutu. Komai ya tsaya cik. Sakatariya ta fito baranda tana tambaya ko kowa ne ko ita kaɗai ce. Shugaban sashe ya sauko da kansa. Aka kira masu kula da sadarwar jami'a, suka ce daga wajensu lafiya lau, matsalar tana cikin ginin. Aka kashe na'urori aka kunna, abu ya dawo na ɗan lokaci ya sake mutuwa. Mai Kafe yana tsaye a cikin taron yana gaya wa duk mai saurare cewa kutse ne daga ƙasar waje, shi ya taɓa ganin irinsa.

Halo tana cikin masu kallo, tana jajanta wa sakatariya. Ko kusa ba ta kawo kanta a ciki ba.

Sai wajen la'asar Malam A-Sake, da ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana zare wayoyi, ya buɗe ɗakin gwaji. Fitilun swicin duk suna ƙiftawa tare kamar sun haukace. Ya bi kebul ɗin da yatsa daga rami zuwa rami, ya zare baki ɗaya. Daga ƙasan bene aka ji wani ya yi ihu, "Ya dawo!"

Ya fito riƙe da kebul ɗin, ya tambayi wa ya fita daga ɗakin a ƙarshe. Nan ta sha jinin jikinta. Ta ce ita ce, kuma ita ta soka, don ta ga yana jan ƙasa. Wani daga bayan taron ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka ɗauka. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shugaban sashe ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi furfurarta, ya rufe, ya hau bene.

Malamin ya ce, "Laifin rabi namu ne, tsohon swici ne, ba shi da kariya daga irin wannan, kuma bai kamata a haɗa shi da na sashe ba. Ɗaya rabin naki ne. Asabar mai zuwa za ki tsaya a gaban aji ki yi bayanin abin da ya faru."

A gida ba ta ci abincin kirki ba. Labari ya riga ta isowa, domin babbar 'yar ta ji shi a ɗakin karatu kafin ta san wa ake nufi. Maigidan ya yi ƙoƙarin danne dariya, ya kasa.

"Ashe matata ce ta tsayar da jami'a guda da hannu ɗaya. Ni da nake tuƙi shekaru ban taɓa tare ko titi ɗaya ba."

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko littafin kwas ɗin daga jakar mahaifiyar, ta zauna kusa da ita a kan tabarma, ta ce, "Umma, ni ban san komai a nan ba. Ki yi mini bayani kamar ni ce ajin. Inda ban gane ba zan tsayar da ke." Suka yi haka duk yammacin makon. Yarinyar ba ta da sauƙi, ko kaɗan ba ta bari a wuce da "haka ake yi".

Ranar Asabar Halo ta tsaya a gaban allo, ta ɗauki alli. Ta zana swici da ramukansa. Ta ce akwai irin saƙon da kwamfuta take aikawa ga kowa da kowa, kamar mai shela, kuma swici in ya karɓi irinsa sai ya fitar da shi ta kowane rami ban da wanda ya shigo. To in rami biyu suna haɗe da juna, abin da ya fita ta nan sai ya dawo ta can a matsayin sabo, a sake fitar da shi, ya sake dawowa. Babu mai ce masa ya isa. Sababbi suna ƙaruwa, tsofaffi ba sa mutuwa, har hanya ta cushe babu inda saƙon kirki zai bi. Wani ɗalibi ya yi tambaya, ta amsa. Wani ya sake yi, ta ce ba ta sani ba. Malamin ya amsa wannan da kansa, ya ce ta zauna.

Wannan bai cece ta a jarrabawa ba. Rabin tambayoyin a kan raba adireshi ne, lokaci ya ƙare tana tsakiyar lissafi. Ta faɗi kwas ɗin da maki kaɗan. Mai Kafe ya haye, da kaɗan shi ma, ya yi mata ta'aziyya kamar an yi rasuwa. Ta maimaita a shekara ta gaba tare da yaran da suka riga suka ji labarinta, suna nuna ta da baki. A karo na biyu lissafin ya zauna mata, ba don wata dabara ba, sai don ta yi shi har ya gaji da ita. Ta sami matsakaicin sakamako. 'Yarta ta riga ta kammala jami'a da shekara biyu, kuma a shekarun yarinyar na ƙarshe a can tare suke shiga mota in lakcarsu ta zo rana ɗaya.

Da ta kai takardar kammalawa ofishin ma'aikata, sai da aka yi watanni ana jujjuya ta, don ba a san inda za a sa mace mai shekarunta ba. Daga baya aka tura ta sashen kwamfuta na asibitin, ƙarƙashin wani matashi da bai girmi 'yarta da yawa ba. Da farko yana jin nauyin aikenta. Ita ta ce masa, "Oga, ka aike ni kawai, aiki na zo yi." Ya ce in dai za ta daina ce masa Oga. Ba ta daina ba.

Ba ta zama gwanar da ake kira daga wasu garuruwa ba. Manyan na'urorin da ke ɗaki mai sanyi ogan ne ke taɓa su, ita takan tsaya a bayansa tana kallo tana tambaya. Nata shi ne yawo ɗaki-ɗaki da jakar kayan aiki. Kwamfutar ɗakin magani ba ta ganin injin buga takarda, sakamakon gwajin jini ya ƙi isa wurin likita, mai shara ta fizge waya da tsintsiya, ɓera ya ci kebul a cikin silin. Ta koyi fara tambaya da, "Yaushe rabon da ya yi aiki, kuma me aka taɓa?" Ta kuma koyi cewa kowa zai ce bai taɓa komai ba.

Tsani ne ya fara gagararta. Wata rana tana samansa a ɗakin yara, kanta cikin silin, gwiwarta ta riƙe, sai da ma'aikatan jinya biyu suka sauko da ita suna faɗa. Tun daga nan ogan ya hana ta hawa. Da aka gina sabon ɓangaren masu jinya, ita ya ba aikin tsara adireshin ɗakunan, wane ɓangare zai ɗauki nawa, a bar wa gaba nawa. Ta yi kwana biyu a kai, ta kawo. Ya duba, ya gyara wuri ɗaya inda ta matse ɗakin tiyata da yawa, ya ce sauran ya yi. Da wannan tsarin ake aiki a ɓangaren har yau.

Maigidan ya yi ritaya, yana gida yana kiwon kaji da ba sa jin maganarsa. Ita saura mata 'yan shekaru. Ogan yana ta matsa mata ta zauna jarrabawar ƙwarewa da kamfanonin na'urorin suke shiryawa, ya ma ba ta aron littafin, mai kauri kamar bulo. Ta kai babi na huɗu. Ta ce in gwiwar ta bar ta ta zauna a kujera na tsawon jarrabawar, za ta gwada bayan bikin 'yarta.